Binne kara ɗanye a kunyar karas da dankali: inda aka kuskure da yadda za a gyara

Tambaya: Bayan girbi nakan samu karan masara da na dawa masu yawa, da karan shinkafa da 'yar harawar gyaɗa. Bara na ƙi ƙona su, na binne su a cikin kunya, bayan kamar kwana goma na shuka karas da dankalin Turawa a kai. Ganyen ya yi ɗorawa, shukar ba ta yi ƙarfi ba, kuma da na tona karas ɗin sai na tarar yawancinsa ya rabu gida biyu ko uku. Shin ragowar amfanin gona ba ta dace da shukar da ke yi a ƙarƙashin ƙasa ba ce, ko ni ne na yi kuskure?

Amsa: Malam, ka yi daidai da ka ƙi cinna wa karan wuta. Kuskuren da aka samu na lokaci ne da na wurin da ka ajiye shi. Masara ko dawa za su iya jure ɗanyen kara, wato wanda bai ruɓe ba, a gindinsu, domin abin da ake nema a wurinsu yana can sama, amma karas da dankali da rogo da doya da gwaza a cikin ƙasar suke kwana su tashi, kuma duk abin da ka cusa a kunya da jikin abin da za ka ci yake gogayya. Saboda haka ƙa'idar da nake ba duk mai noman irin waɗannan ita ce, karan da bai ruɓe ba a saman ƙasa ake shimfiɗa shi, wanda ya ruɓe sarai kuwa shi ake huɗewa a ciki.

Bari in fara da ɗorawar da ganyen ya yi, domin nan ne mutane da yawa suke rikicewa, su ce sun zuba taki amma shuka ta rame. Kara ba ya zama taki da kansa. Akwai ƙananan halittu a cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani, bakteriya da dangin fumfuna, su ne ke cin sa har ya narke. Waɗannan halittu suna buƙatar abu biyu: sinadarin kabon, wanda shi ne makamashinsu, da sinadarin naitrojin, wanda da shi suke gina jikinsu. Abincin da ya fi yi musu daidai shi ne wanda ke da kashi 25 zuwa 30 na kabon a kan kowane kashi 1 na naitrojin. Busasshen karan masara ko dawa ko shinkafa kuwa yana da kabon kashi 60 zuwa 80 a kan kashi 1. Idan ka lissafa da nauyi, tan ɗaya na busasshen kara yana ɗauke da kabon fiye da kilo 400, amma naitrojin da ke cikinsa bai wuce kilo 5 zuwa 8 ba. To da ka binne musu wannan tulin abinci, sai suka hayayyafa cikin 'yan kwanaki, naitrojin da ke jikin karan bai ishe su ba, sai suka koma suna kwasar wanda ke cikin ƙasa, wato wanda karas da dankalinka suke jira. A wannan kokawa kuwa ƙwayar karas da ta fito da saiwa kamar zare ba ta da yadda za ta yi da su. Idan ka tuna da kyau, ina tsammanin tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin ɗorawa kafin na sama, domin haka yunwar naitrojin take bayyana.

Wannan naitrojin bai salwanta ba, rance aka ɗauka. Idan karan ya ƙare, halittun suka mutu, abin da suka kwasa yakan dawo cikin ƙasa sannu a hankali. Damuwar ita ce a ƙasa mai ɗumi da danshi abin yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas, wani lokaci fiye idan karan dogaye ne ba a sassara su ba, alhali karas gaba ɗayan rayuwarsa wata uku ne zuwa huɗu. Kafin a biya bashin, lokacin da shukar ta fi buƙata ya wuce. A lura kuma, kwanakin da kara ya yi a busasshiyar ƙasa ba a lissafa su, domin ba ya ruɓewa sai da ruwa. Mutum zai iya binne shi wata uku cikin rani ya tono shi yadda ya sa shi.

Rabuwar karas kuma wani al'amari ne daban. A makonnin farko karas yakan tura saiwa guda siririya kai tsaye zuwa ƙasa, kuma wannan saiwar ce daga baya take kumbura ta zama abin da ake ci. Duk abin da ya tare kan saiwar ko ya ji masa ciwo, sai ta fasa tafiya ta fitar da rassa, kowane reshe kuma ya kumbura da kansa. Gaɓar kara mai tauri tana yin haka, kamar yadda tsakuwa da hoge suke yi, haka ma ramukan iska da karan ke bari a kunya, da ɗanyen kashin dabbobi wanda zafinsa ke ƙona kan saiwa. Sai dai kada ka ɗora wa kara laifin duka kafin ka duba. Akwai wata tsutsa ƙarama ƙwarai da ake kira nematod, wadda ita ma takan sa karas ya rabu, kuma alamarta ita ce ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin siraran saiwoyi. Idan ka ga wannan, to gonar na buƙatar a huta da karas da tumatir da kuɓewa a shuka hatsi na ɗan lokaci, gyaran taki kaɗai ba zai wadatar ba. Game da dawa kuma akwai ƙarin magana: ragowarta tana sakin wasu sinadarai a farkon ruɓewa da ke danne tsirar ƙananan iri, shi ya sa karas ya fi wahala a bayanta fiye da dankali da ake shuka shi da ƙaton iri.

Duk da wannan, ina ganin babu manomin da ya fi mai noman saiwa buƙatar kara, kuma dalilin shi ne sinadarin fotasiyam. Shi ne ke taimaka wa shuka ta kwaso zaƙin da ganye ya haɗa ta kai shi ƙasa ta tara a matsayin sitaci, don haka rogo da doya da dankali suke cin sa da yawa. Kowane tan na dankalin Turawa da aka tona yana fita da fotash, wato fotasiyam yadda ake auna shi a takin zamani, kusan kilo 6 daga gonar, alhali fosfet, wato sinadarin fosfaras a irin wannan awo, da yake fita da shi kamar kilo 1 ne kawai. Hatsi kuma akasin haka yake: yawancin naitrojin da fosfaras suna tafiya cikin ƙwaya, amma mafi yawan fotasiyam a jikin kara yake zama. Tan ɗaya na karan shinkafa yana ɗauke da fotasiyam kilo 12 zuwa 17. Kuma shi wannan sinadari ba ya jiran ruɓewa, ruwan sama 'yan kaɗan sun isa su wanke yawancinsa daga jikin karan zuwa ƙasa. Wannan yana da darasi biyu: karan da aka shimfiɗa a saman kunya yana ciyar da shuka tun bai ruɓe ba, kuma tulin takin da aka bari ruwa yana dukansa yana kwarara, albarkarsa ce ke bin ruwan. Wanda ya ƙona kuwa ya yi asarar kusan dukkan naitrojin da kabon da wani kaso na salfa, tokar da ta rage kuma iska na iya kwashe ta kafin ruwan farko.

Ba duk ragowa ce ɗaya ba. Harawar gyaɗa da ta wake tana da naitrojin sosai, kabon ɗinta bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 a kan 1 ba, saboda haka tana ruɓewa da wuri ba tare da ta ci bashin ƙasa ba. Da ita kaɗai ka binne ka jira mako biyu ko uku, da ba ka ga abin da ka gani ba. Amma idan kana da dabbobi, ra'ayina shi ne harawa ta fi daraja a bakin dabba, ka ba su su ci ka kwashe kashin, ka kuma shimfiɗa musu sassararren kara a turke ya sha fitsari, domin kaso mai yawa na naitrojin da fotasiyam da dabba ke fitarwa a fitsari yake. Ɓuntun shinkafa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa suna da jinkirin ruɓewa ƙwarai, garin katako kuma ya fi su duka, domin kabon ɗinsa kan kai ɗaruruwa a kan 1. Waɗannan ko dai a shimfiɗa su a sama, ko a sa su kaɗan a cikin tulin taki.

Yanzu ga yadda ake ruɓar da karan kafin ya shiga kunya. Manoma sun daɗe suna yin wannan, amma tsarin jera shi hawa-hawa da juyawa a kan lokaci ya yi suna ne daga aikin Albert Howard, wani masanin noma ɗan Birtaniya, a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, kuma har yau bai canza sosai ba. Abu na farko shi ne sassara karan gajeru, kamar tsawon yatsa zuwa tsawon tafin hannu. Na san wannan ne aikin da ya fi gajiyarwa, kuma shi ne wanda ake yawan tsallakewa, amma bayan karan dawa yana da santsi da tauri, ruwa ba ya ratsa shi, ta wurin sara ne ruɓa take samun ƙofa. Sai a jiƙa shi sosai, a shimfiɗa kaurin kamar taƙi ɗaya, a bi shi da kashin dabbobi ko harawa ko ɗanyen ganye kaurin yatsu uku ko huɗu, a barbaɗa 'yar ƙasar gona, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har tulin ya kai ƙugu ko ƙirji. Kada faɗinsa da tsawonsa su gaza mita ɗaya, domin ƙaramin tuli ba ya riƙe zafi. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi, don haka kaɗan ya isa. Wanda ba shi da kashin dabba kuma ba ya ƙyamar takin zamani zai iya narkar da yuriya kilo 15 zuwa 20 a ruwa ya yayyafa wa kowane tan na busasshen kara, wannan ya isa ya cike giɓin naitrojin da na ambata.

Danshin da ake so shi ne wanda idan ka damƙi takin ka matse, hannunka zai jiƙe amma ruwa ba zai zuba ba sai ɗigo ɗaya ko biyu. A rufe tulin da ciyawa ko tsofaffin buhuna. Cikin kwana uku zuwa biyar ya kamata cikinsa ya ɗauki zafi har digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin salshiyos, kuma ba sai da na'ura za ka gane ba: soka sanda ko ƙarfe har tsakiya ka bar shi, idan ka zaro ka ji da ƙyar kake iya riƙewa, aiki na tafiya. Idan sandar ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta fito da sanyi da danshi ba wari, naitrojin ne ya gaza. Idan ta fito da ɗoyi, ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, sai a juya a ƙara busasshen kara. Wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da tsutsar da ke kwana a cikin kara, amma tsakiya kaɗai yake kamawa, shi ya sa ake juyawa bayan kowane mako biyu ko uku a mayar da na gefe ciki. A wuri mai ɗumi, da juyi uku, wata biyu zuwa uku sun isa, kuma tulin zai zabge ya koma kamar rabi.

Ga mai noman karas, sanin nunar taki ya fi sanin haɗa shi muhimmanci. Nunanne yakan yi baƙi-baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, ya daina ɗaukar zafi ko an juya shi an ba shi ruwa, kuma ba za ka iya nuna wannan masara ce wannan shinkafa ce ba. Idan kana shakka, ɗebi kaɗan ka gauraya da ƙasa a wani mazubi, ka shuka ƙwayar karas ashirin, ka shuka wasu ashirin a zallar ƙasa, ka kwatanta tsirarsu. Ni nakan so a tankaɗe takin da za a sa wa karas da rariya mai manyan idanu, ragowar gaɓoɓin a mayar da su sabon tuli. A zuba kilo 1 zuwa 2 a kowace murabba'in mita, wato tan 10 zuwa 20 a hekta, a gauraya shi da ƙasar sama zurfin taƙi ɗaya mako biyu kafin shuka. Wanda takinsa bai kai haka ba gara ya tattara shi a kan kunya ko a ramin shuka da ya warwatsa shi ko'ina.

Akwai batun lafiya da bai kamata in wuce shi ba, tunda karas ɗanye ake cin sa sau da yawa. Ɗanyen kashin dabbobi yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa ciwon ciki mai tsanani. Dokar noman da ba a sa sinadarai ta Amurka ta sharɗanta cewa idan abin da ake ci yana taɓa ƙasa, dole a sami kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbi, saɓanin kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Karas ba ya ma cika kaiwa kwana 120 a gona, ka ga ke nan ɗanyen kashi ba shi da gurbi a kunyarsa ko kaɗan.

Hanya ta biyu, wadda ta fi sauƙi kuma da ita zan fara idan ni ne kai, ita ce shimfiɗa karan a saman ƙasa. A nan ƙananan halittun ba sa samun damar kwasar naitrojin sai a 'yar fatar ƙasa ta sama inda karan ya taɓa, saiwa kuma tana can ƙasa da haka. Rattan Lal, masanin ƙasa da ya yi shekaru yana bincike a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan tun daga 1970, wanda kuma ya sami lambar yabo ta duniya kan abinci a 2020, ya nuna yadda wannan shimfiɗa take rage zaizayar ƙasa da gudun ruwa, take sanyaya ƙasa, take kuma ƙara yawan tana. Sanyin nan yana da muhimmanci ga saiwa fiye da yadda ake zato. Dankalin Turawa ya fi yin 'ya'ya idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 da 20, idan ya doshi 30 kuwa sai ya kusan dainawa ya koma yin ganye. Irin doya yakan ruɓe ko ya ƙi tsira a tudun da rana ta gasa, shi ya sa masu nomanta suke ɗora wa kan kowane tudu busasshiyar ciyawa su danne da ƙasa. Shimfiɗar kuma tana rufe dankalin da ya leƙo waje, wanda idan haske ya same shi yakan yi kore ya tara guba mai ɗaci, tana kuma hana ƙasa tsagewa, ta waɗannan tsagu ne kuwa ƙwaron dankalin Hausa yake samun hanyar kaiwa ga saiwa.

Sai dai ita ma tana da ladubbanta. Kada a rufe karas kafin ya tsira, a jira sai ya kai tsawon yatsa an yi masa tsuge, sannan a zuba sassararren kara tsakanin layuka kaurin yatsu biyu ko uku. Ga dankali, bayan an tara masa ƙasa a gindi ake shimfiɗawa. A bar tazara tsakanin karan da gindin shuka, musamman rogo, domin busasshen kara yana kiran gara. Ita gara tana da amfani wajen narkar da kara da huda ƙasa, amma idan ta tarar da sandar rogon da ba ta kama ba za ta haɗa da ita. A ƙasar laka da ruwa ke kwanciya kuwa a rage kaurin shimfiɗar ko a bar ta, domin yawan danshi ruɓar da saiwa yake yi.

Kada kuma jin cewa naitrojin ne ya gaza bara ya sa bana ka tula shi. Dankalin Hausa idan ya sami naitrojin fiye da kima sai ya yi ta yaɗo, gona ta yi kore shar mai ban sha'awa, a tona a sami saiwa kamar igiya. Karas ma yakan yi ganye da gashi-gashi ya tsage. Nunannen takin kara ya dace da su ne daidai saboda a hankali yake sakin naitrojin, ɗan kaso ne kawai yake fitowa a shekarar farko. Dankalin Turawa ya fi su ci, don haka a gajiyayyar ƙasa zai buƙaci ƙari daga ruɓaɓɓen kashin kaji ko ɗan takin zamani. Toka kuma a yi hankali da ita a gonarsa: tana da fotasiyam, amma tana rage tsamin ƙasa, kuma cutar da ke sa fatar dankali ta yi ƙirci ta fi yaɗuwa inda tsamin ya ragu.

Akwai ragowar da ban yarda ta shiga tuli ko ta koma kunya ba. Yaɗon dankali da ruɓaɓɓun 'ya'yansa daga gonar da ta yi ciwo, ko wadda shukarta ta yi yaushi farat ɗaya, a haƙa rami mai zurfi nesa a binne ko a ƙona, domin a nan wuta ta halatta. Tarin dankalin da aka zubar a gefen gona yana daga manyan maɓoyar cutar da ta halaka dankalin ƙasar Ailan daga 1845. Saiwar tofa da ƙiri-ƙiri da jiji a shanya su su mutu murus kafin a yi tunanin sa su, tofa ma har huda rogo da doya take yi. Karan dawa daga gonar da ƙuduji ya yi 'ya'ya yana ɗauke da irinsa mai kama da ƙura, wanda ke iya zama a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran hatsi. Sai kuma maganin ciyawa: wasu nau'o'i irin su aminopyralid da clopyralid ba sa mutuwa a tulin taki, suna ma ratsa cikin dabba su fito a kashi, kuma a 2008 aminopyralid ya lalata dankali da wake da tumatir a lambuna da yawa a Birtaniya ta wannan hanya. Idan karan ko kashin daga gonar wani ka samo, shuka wake a mazubi da takin ka jira mako uku, idan sabon ganyen ya nannaɗe ya murɗe, kada ka kai shi kusa da dankali.

Game da gonar taka, karan da ka binne bara yanzu ya ruɓe ko ya kusa, kuma abin da aka ranta ya fara dawowa, don haka wannan filin na iya fin na kusa da shi laushi bana. Tona wurare uku ko huɗu ka duba. Idan gaɓoɓin suna marmashewa a hannu, za ka iya mayar da karas a wurin, dankalin kuma ka canza masa fili. Karan bana ka raba shi biyu, rabi ya tafi tuli tun yanzu domin ya nuna kafin shuka, rabi ka adana shi a bushe don shimfiɗa. Idan kuma wata shekara dole ta sa sai ka binne ɗanye, ka yi haka da ruwan farko ka shuka wake ko gyaɗa a kai, domin su suna samar wa kansu naitrojin daga iska, sannan karas da dankali su biyo bayansu.